Yadda nake koya wa mutum dokar teku ta Turawan da: ka loda jirgi, ka zubar da kaya, ka raba asara

Shekarun baya ɗan ƙanwata, mai sayar da yadi a Kantin Kwari, ya buga mini waya murya na rawa. Wuta ta tashi a jirgin da ya ɗauko masa kwantena daga Sin, an kashe ta, jirgi ya lallaɓa ya shiga tasha mafi kusa. Kayansa ko hayaƙi bai taɓa su ba. Amma ga takarda an aiko masa: ba za a saki kwantenarsa ba sai ya sa hannu, ya kuma ajiye wani kaso na kuɗin kayan, don a biya waɗanda ruwan kashe gobara ya lalata wa nasu. Ya ce, "Kawu, wace irin doka ce wannan? Ni na kunna wutar?"

Na yi shekaru ina aikin kiliyarin, wato fitar da kaya daga tasha, tsakanin Apapa ta Legas da Kano, saboda haka na san abin. 'Yan inshora suna ce masa janaral abarej, ni kuwa karo-karon asara nake ce masa. Na ce ya zo gida bayan Isha'i da biro da takarda. Abin da na yi masa a daren nan shi nake yi wa duk wanda ya ce yana son ya fahimci dokokin teku na tashoshin Turai a zamanin da. Ba na fara wa mutum da haddar sunaye da shekaru, don na gwada a kaina, ban tsira da komai ba sai ciwon kai. Jirgi ɗaya nake sa shi ya loda, ya bi shi har ya ga asara da idonsa.

Ka fara da zaɓen tasha guda da rubutu guda. Babu wata doka ɗaya da ta game Turai a lokacin. Kowane yanki da al'adarsa. A Bahar Rum akwai ta Amalfi, da ta Pisa ta 1160, da dokokin jiragen Benis na 1255, sai kuma babban kundin da ake kira Littafin Kotun Teku, wanda aka tara da harshen Katalan a ƙarni na 14, aka buga shi a Barsalona a 1494. A arewa akwai na Hambog da Lubek, da tarin da ake jingina wa garin Wisbi na tsibirin Gotland. A tsakani, a gaɓar Atlantika, akwai Hukunce-hukuncen Oleron. Da wannan nake so ka fara, don asalinsa sashe 24 ne kacal, kana iya karance shi kafin shayi ya huce, kuma kowane sashe labari ne: jirgi ya tashi daga wuri kaza, abu kaza ya faru, ga hukunci. Oleron ɗin ƙaramin tsibiri ne a yammacin Faransa, kusa da La Rochelle, a kan hanyar jiragen da ke kai kaya daga Bordo zuwa Ingila da Flanders.

Kayan nan dai giyar inabi ce, gara in faɗa maka tun yanzu. Ɗan ƙanwata da ya ji haka sai ya yamutsa fuska, na ce to ka ɗauka manja ne, lissafin bai canza ba. Ciniki ne ba na wasa ba: a kakar 1308 zuwa 1309 an fitar da ganga sama da 100,000 daga Bordo da yankinta, kowace ganga tana cin lita 900 ko fiye kaɗan. Da yawan gangunan da jirgi ke iya ɗauka ake faɗin girmansa, kuma daga sunan gangar nan ne aka samo awon tan da ake yi wa jiragen ruwa har yau.

Yanzu loda naka. Lambobin da zan ba ka nawa ne, na zaɓe su don su rabu ba tare da wahala ba. Jirgi ya tashi daga Bordo zuwa Landan da ganga 100. Ɗan kasuwa na farko yana da 40, na biyu 35, na uku 25. Kuɗin dako fam 1 kowace ganga, wato fam 100. Jirgin kansa ya kai fam 400. Suna tsakiyar teku hadari ya taso, ruwa ya fara shiga, aka jefa ganga 25 don jirgi ya yi sauƙi. Duka 25 ɗin na ɗan kasuwa na biyu ne, ba don an tsane shi ba, nasa ne kawai suka fi kusa da hannu. Jirgi ya isa Landan, aka sayar da kowace ganga da ta tsira fam 4.

Kada ka taɓa lissafi tukuna. Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Tambayar farko ita ce, wannan asarar da gangan aka yi ta don a ceci kowa, ko kuwa tsautsayi ne ya faɗa wa mutum ɗaya? Ta farko ce kaɗai ake yi wa karo-karo. Ƙa'idar ta girmi Oleron nesa ba kusa ba. Tana cikin kundin shari'ar Rum da aka tara a zamanin Sarki Justiniyan a shekarar 533, a ƙarƙashin sunan dokar tsibirin Rodos, kuma ma'anarta a taƙaice ita ce abin da aka bayar saboda kowa, kowa ne zai mayar da shi. A wurin akwai misalin da ban ga wanda ya fi shi fito da bambancin ba. Idan 'yan fashin teku suka kama jirgi aka ba su kuɗin fansa suka sake shi, kowa zai sa hannu a aljihu, don kowa ya amfana. Idan kuwa suka hau jirgi suka kwashi kayan mutum ɗaya suka tafi, to shi ta shafa, sai dai a yi masa jaje. Haka ma igiyar ruwa in ta share ganga daga saman jirgi, ko iska ta karya jigon da ke riƙe da filafilai. Amma in shugaban jirgi ne ya sa gatari ya sare jigon da hannunsa don kada jirgi ya kife, ko ya yanke igiyar anka, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi wuri guda, ya bar ta a ƙarƙashin ruwa, Oleron ta ce a lissafa shi kamar kayan da aka zubar. Jigo ɗaya ne, karyewa ɗaya ce, abin da ya raba su shi ne niyya.

To ta yaya alƙali da ke zaune a tudu zai san niyyar mutumin da ke tsakiyar teku? Wannan ce tambaya ta biyu, kuma a nan nake so ka daɗe. Ka nemi abin da aka faɗa a kan jirgi kafin a jefa gangar farko. A zamanin, 'yan kasuwa da yawa suna tafiya tare da kayansu, kamar yadda fatake ke bin ayari. Oleron ta wajabta wa shugaban jirgi ya tara su ya gaya musu cewa ba za a tsira ba sai an zubar da kaya. In sun yarda, shi ke nan. In sun ƙi, ba a ɗaure masa hannu ba, yana iya zubarwa, amma da an sauka sai ya dafa Linjila ya rantse, shi da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa, cewa bai yi haka ba sai don ceton rayuka da jirgi da sauran kaya. Ka lura da hikimar. Ba a ba mai kaya ikon hana ceton jirgi ba, don kowa nasa yake so a bari. Ba a kuma bar shugaban jirgi ya yi gaban kansa ba tare da shaida ba. A Barsalona sun ƙara wani abu da ke ba ni dariya kullum: ɗan kasuwa ne zai fara jefa wani abu da hannunsa, sannan ma'aikata su ci gaba. Gobe ba zai tsaya gaban alƙali ya ce shi bai yarda ba.

Shawarar ma ba a ranar hadari take farawa ba. Tun a tasha, kafin a kwance igiya, sashe na biyu na Oleron ya ce shugaba ya tambayi abokan tafiyarsa yadda suka ga yanayin sama, ya bi ra'ayin mafi yawa. In ya yi kunnen ƙashi ya tashi, jirgi ya halaka, shi zai biya jirgi da kaya in yana da abin biya. Haka kuma dole ya nuna wa 'yan kasuwa igiyoyin da za a sauke ganguna da su. In sun ce a sake, ya ƙi, igiya ta tsinke, asarar tasa ce da ma'aikatansa. A Benis har alamar gicciye ake yi a jikin jirgi, hukuma ta duba kada lodi ya nutsar da shi fiye da ƙa'ida. Saboda haka kafin ka raba asara, ka tabbata ba sakacin wani ne ya jawo ta ba. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.

In ka gamsu da waɗannan, ɗauko biro. Ganga 25 da aka zubar za ka yi musu kuɗi da farashin da aka sayar da 'yan'uwansu da suka tsira, fam 4, asara ta zama fam 100. Sai ka jera dukiyar da za ta ɗauki nauyin. Na farko, ganga 40, fam 160. Na biyu, ganga 35, fam 140. Na uku, ganga 25, fam 100. A nan ɗan ƙanwata ya tsayar da ni, ya ce ai na biyu ganga 10 kaɗai suka rage masa, don me na rubuta masa 35? Na ce in aka cire shi daga karo-karon, aka biya shi fam 100 cif, ya zama shi kaɗai ne hadarin bai taɓa ba, alhali shi ma ransa da sauran kayansa sun tsira. Da haka ne, kowane ɗan kasuwa sai ya riƙa addu'a a fara da nasa. Don haka ana lissafa shi da dukan abin da ya loda.

Saura shugaban jirgi. Oleron ta ba shi zaɓi, ko ya shiga da kuɗin jirginsa ko da kuɗin dakonsa. Gwada duka biyun. In ya shiga da dako, fam 100, jimilla ta zama fam 500, asarar fam 100 kuwa kashi ɗaya ce cikin biyar. Na farko zai ba da 32, na uku 20, shugaban jirgi 20, na biyu ya haɗiye 28 nasa, ya karɓi 72. In kuwa ya shiga da jirgi, fam 400, jimilla 800 ke nan, kowa kashi ɗaya cikin takwas: shugaba 50, na farko 20, na biyu 17 da rabi, na uku 12 da rabi. Ba sai na gaya maka wanda zai zaɓa ba. Ma'aikatan jirgi, waɗanda ake ba su ɗan wuri su ɗauko kayansu na sayarwa, an yafe wa kowannensu ganga ɗaya daga karo-karon, da sharaɗin ya yi aiki irin na maza lokacin da teku ta rikice. Wanda ya laɓe ba shi da wannan rangwamen.

Wani abu da zai taimake ka, da daraja ake rabon, ba da nauyi ba. Masanan Rum sun ce mai lu'ulu'u da zobba, wanda kayansa ba su nauyaya wa jirgi komai ba, shi ma zai biya gwargwadon kuɗinsu. Guzurin da ake ci a hanya ba a lissafa shi, ran ɗa, wato wanda ba bawa ba, kuma ba a yi masa farashi.

Da ka iya wannan, sai ka ɗauki jirgin nan naka da lambobinsa ka kai shi wata tasha. A nan ne tarihin yake fitowa da kansa, ba sai an haddace ba. Kai shi arewa, inda ake aiki da tarin Wisbi, za ka tarar zaɓin ya koma hannun 'yan kasuwa, su ne za su ce jirgi ko dako. Shugaba shi zai faɗi kuɗin jirginsa, amma in ya karya farashi don ya rage rabonsa, 'yan kasuwa suna da ikon su karɓi jirgin a wannan farashin. Dabarar yara ce wajen raba rake, wanda ya karya ba shi ke fara ɗauka ba. Kai shi Barsalona ko Balansiya, jirgi zai shiga da rabin kuɗinsa ne, wato fam 200 a misalinmu. Kuma sai an tambayi inda aka zubar da kayan. In ba a kai rabin hanya ba, da farashin saye za a yi musu kuɗi, in an wuce rabi, da farashin inda za a kai su. Kowace tasha ka duba wa doka ta fi tausaya wa, mai jirgi ko mai kaya, ka ga ko za ka iya gane waɗanda suka fi ƙarfin murya a wurin.

A Bahar Rum za ka kuma haɗu da mutumin da na fi jin kusanci da shi, wato akawun jirgi. Shi ke rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma kotu tana gaskata littafinsa. Saboda haka aka tsananta masa: in ya rubuta ƙarya, a yanke masa hannun dama, a yi masa lalas a goshi da ƙarfe mai zafi, a ƙwace abin da ya mallaka. Na tuna wasu takardun kaya da suka bi ta hannuna a bakin aiki, na ce Allah ya rufa asiri ba a wancan zamanin muka yi ba. A Littafin Kotun Teku ne kuma aka yi maganar kyanwa. In ɓeraye suka ɓata kaya alhali babu kyanwa a jirgi, shugaba zai biya. In ya taso da ita ta mutu a hanya, ya kuma nemi wata a tashar farko da ya samu, babu laifi a kansa. Ingila ma tana da tata kyanwar, a dokar 1275: jirgin da ya fashe, in mutum ko kare ko kyanwa ya fito da rai, ba a ɗaukar kayansa a matsayin ganimar gaɓa, mai su yana da shekara ɗaya da kwana ɗaya ya zo ya nema.

Sassan da suka shafi ma'aikata za su ɗauke maka hankali, kuma ba laifi ka ɗan tsaya. Wanda ya kwanta ciwo a bakin aiki a sauke shi a tudu, a kama masa masauki, a ba shi fitila da mai jinya da irin abincin da yake ci a jirgi, in ya mutu a ba matarsa ko danginsa ladansa. Wanda ya je gari ya sha ya yi faɗa aka ji masa rauni, wannan ya ji da kansa. In shugaba ya mari ma'aikaci sau ɗaya, ya daure, in ya ƙara, ya kare kansa. Amma ka dawo kan lissafinka, don shi ne ƙashin bayan abin.

Akwai ramuka uku da na faɗa, ba na so ka bi sahuna. Za ka ga an rubuta cewa Sarauniya Eleanor ta Akitaniya, wadda ta auri Henry na Biyu na Ingila a 1152, ita ta kafa dokar Oleron. Labari ne da aka daɗe ana yi, amma tsofaffin kwafen da ake da su na farkon ƙarni na 14 ne, saboda haka ka ce ana jingina mata, kada ka ce ta rubuta. Na biyu, ka duba yawan sassan kwafen da ke hannunka. In ka ga sun haura 24 sosai, har da inda aka ce a sare kan jagoran da ya kai jirgi kan dutse in ba shi da abin biya, to ƙarin da aka yi daga baya ne kake karantawa. Na uku, sunan Wisbi ya ruɗe ni shekara guda. Yawancin abin da ke ciki ba a Wisbi aka yi shi ba. Oleron ce da aka juya zuwa harshen Flanders a Damme, tashar birnin Bruges, aka haɗa da al'adun tashoshin Holan da wasu sassa na dokar Lubek, aka buga a Kopenhagen a 1505. Wato kana iya karanta hukunci ɗaya sau uku da suna uku, ka ɗauka shaidu uku ka samu.

Ka kuma riƙa tambayar wa ke yanke hukuncin. Galibi ba malaman shari'a ba ne. A Balansiya, inda aka kafa kotun teku a 1283, mutanen teku ne ke taruwa kowace shekara a jajibirin Kirsimeti su zaɓi alƙalai biyu daga cikinsu, waɗanda aka umarta su yanke shari'a a gaggauce ba tare da jan magana ba. Mayorka ta samu irinta a 1343, Barsalona a 1347. A Ipswich ta Ingila ana zaman shari'ar baƙin teku daga wannan cikar teku zuwa ta gaba, wato cikin sa'o'i, don jirgi ba ya jiran ɗage ƙara.

In ka yi karatun zaure, akwai abin da za ka ajiye a gefe ka gwada. A Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, cikin babin ciniki, an ce babu lamuni a kan mai jirgi, kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya. Oleron kuwa ta ce in jirgi ya lalace a hanya, 'yan kasuwa suka karɓi abin da ya tsira, za su biya dako gwargwadon tafiyar da aka yi, ko shugaba ya gyara jirgi ko ya ɗauki hayar wani ya ƙarasa. Ba ina cewa wani ya kwafa daga wani ba ne. Tambaya ɗaya ce aka yi wa mutanen gaɓa biyu, kowa ya ba da amsarsa, kuma sa su kusa da juna yana sa ka ga abin da kowanne ya fi tsoro.

Ɗan ƙanwata dai bai yi wa kayansa inshora ba, don haka daga aljihunsa ya ajiye kuɗin, aka saki kwantena. Yau ana yin wannan rabon ne bisa ƙa'idojin York da Antwerp, waɗanda suka samu wannan suna a ƙarshen ƙarni na 19, kuma irin karo-karon ne masu jirgin Ever Given suka ayyana bayan ya toshe mashigin Suez a watan Maris na 2021. Lissafin nasa na ƙarshe bai iso ba sai bayan shekara uku da 'yan watanni, takarda mai kauri kamar littafin rajista, da ɗan canjin da aka mayar masa. Ya kawo mini ita da daddare, ya zauna a kan tabarma yana buɗe shafuka da sauri. Na ce me kake nema? Ya ce, "Kawu, so nake in ga nawa suka ce jirgin nasu ya kai."